Ruwan duniya bai kai yadda muke zato ba

Jama'a, maganar nan ta sake dawowa, kuma tana ci mini rai. Da zarar an yi kukan kogin Anié ya ja baya, ko an ce masu wankin zinariya a wajen Agbandi sun dama ruwa ya koma kamar kunu, sai wani ya ce ai kashi 71 cikin ɗari na duniya ruwa ne, ina zai je? Masu bin rubutuna sun san ba yau na fara jayayya da wannan lissafi ba. Kashi 71 ɗin gaskiya ne, amma shimfiɗa ake nufi, ba a yi maganar zurfi ba.

Kaurin duniya daga wannan gefe zuwa wancan kilomita 12,742 ne, zurfin teku kuwa a matsakaici bai kai kilomita 4 ba. Da za a mayar da duniya ƙwallon da yara ke bugawa a zango, duk tekunan nan kaurinsu kamar silin gashi ɗaya ne, wato laimar da ke kan ƙwallo idan ya bi ta cikin raɓa. A tattara ruwan duka, na teku da ƙanƙara da na ƙarƙashin ƙasa, a dunƙule shi wuri guda, faɗinsa kilomita 1,385, bai fi zuwa Dapaong daga Lome da dawowa da wani abin kirki ba. Kusa da ƙwallon yaran, goro ɗaya ke nan. Kuma fiye da kashi 97 na goron ruwan gishiri ne, ba ya shayuwa, ba ya ban ruwa. Ragowar ma yawancinsa ƙanƙara ce a ƙarshen duniya. Ruwan daɗi na koguna da tafkunan duniya kaf, har da Kwara da Nilu da Mono da Oti, dunƙulensa kilomita 56 ne, bai kai daga Blitta zuwa Sokode ba. A ma'aunin ƙwallon, bai kai ƙwayar gero ba. Daga cikin wannan ƙwayar muke sha, muke wanki, muke shayar da shanu.

Iska ma haka take. Rabinta yana ƙasa da kilomita biyar da rabi daga kanmu, tafiyar awa guda da 'yan mintoci a ƙafa. Hayaƙin dajin da ake cinna wa wuta saboda gafiya, da na tirelolin da ke hawa zuwa Cinkassé, cikin wannan 'yar fatar yake tsayawa.

Na san abin da za a ce. Za a ce ruwa zagayawa yake yi, ba ya ƙarewa. Haka ne, amma ba dole ne ya dawo inda ya tashi ba, ko a lokacin da manomi ke jiransa. Duk tururin da ke sama, da zai sauko lokaci guda, bai wuce santimita biyu da rabi ba a faɗin duniya, kuma kwana tara ko goma kawai yake yi kafin ya zuba. Sama ba rumbu ba ce. Ajiyar tana cikin ƙasa, kuma saiwar itace ce ke ba ruwa damar nutsewa. Inda aka sare aka yi gawayi, ruwan sama gudu yake yi da ƙasar gona a bayansa.

Za a kuma ce Allah ne mai ruwa. Babu musu, wallahi. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya yake alwala, abin da bai kai lita guda ba, kuma ya fi mu sanin wane ne mai ruwa. Mai barin famfon masallaci yana zuba ba tawakkali yake yi ba, sakaci ne.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne na mai gawayi: idan ta daina, me 'ya'yanta za su ci? Ban ɗora mata laifi ba, buhunan da ke jere bakin titi na girkin birni ne, mu ne masu saye. Amma yunwarta ba ta ƙara wa ƙwayar geron nan girma. Dapaong damina ɗaya gare ta, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sauran watanni garin yana dogara da madatsar Dalwak, kamar yadda Sokode ke dogara da ta Aléhéridè. Duk ƙasar da ruwa ya kwaso daga gangaren da aka aske, a gindin irin waɗannan madatsun take kwanciya, tana cin gurbin ruwan da za a sha a watan Maris.