KAMU UKU NA WA? DARASIN DA BARGON GWAGGO YA KOYA MINI

Masu iya magana kan ce magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. To, idan haka maganar baki take, ina ga wadda aka rubuta, aka buga, aka kuma rarraba wa jama'a? Abin da zan ba ku labari ya same ni ne a wani hutun ƙarshen shekara, kuma har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na ga ya dace in kawo shi a wannan mujalla tamu domin 'yan'uwana ɗaliban harshe su amfana, musamman masu irin zafin kishin Hausa da nake da shi a lokacin.

Ni 'yar Kafanchan ce, a Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna. Wanda ya san garin ya san jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun da aka haɗa layin dogon da ya taso daga Fatakwal da na Kaduna da Jos a 1927. Wannan ya sa garin ya tara mutane iri-iri: Fantswam da Bajju da Kagoro da Atyap da Ham da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa. Kowa da harshensa a gida, amma idan aka fito kasuwa ko taro, Hausa ce ke haɗa kowa.

A yankinmu akwai wata ƙungiyar ci gaba da kan shirya ɗan ƙaramin baje-koli a watan Disamba, lokacin da amfanin gona ya zo gida kuma 'yan birni sun dawo hutu. Maza kan kawo citta da doya da acca da zuma, mata kuma su kawo kayan sana'ar hannu. A shekarar da nake magana, sai iyayenmu mata suka ce a ƙara gasar bargon jarirai, tunda lokacin hunturu ne, kuma sanyin da ke saukowa daga duwatsun Kagoro ba ya yi wa jariri da wasa. Da aka zo rubuta ƙa'idojin gasa, sai shugabar kwamiti ta dube ni ta ce, "Ke 'yata, ba Hausa kike karantawa a jami'a ba? Ke za ki rubuta mana." Na ce, "To, Mama," kaina ya yi girma.

Da na zauna rubutu, na ci alwashin ba zan sa kalmar aro ko ɗaya ba. Ina ganin inci da yadi da santimita duk baƙi ne, alhali muna da namu ma'aunai na gado. Akwai taƙi, wato daga kan babban yatsa zuwa kan na tsakiya idan an ware su. Akwai kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Akwai gaba, idan mutum ya miƙe hannayensa biyu. Saboda haka sai na rubuta cewa: bargon jariri kada ya wuce kamu uku a tsaye, kamu biyu a kwance. Aka buga, aka karanta a majami'u da islamiyyu da wuraren adashi. Kowa ya yaba, ni kuma na ɗauka na gama aiki.

Cikin waɗanda suka shiga gasar har da gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta fi shekara talatin tana kan keken ɗinki. Tana da wani buhu da take tara ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin mutane. Daga cikinsa ta zaɓo, ta yanka su murabba'i-murabba'i, ta harhaɗa, ta sa auduga a tsakiya, ta bi da allura da hannu. Wasu ƙyallayen na atamfofin masaƙun Kaduna ne, na zamanin da KTL, wadda aka buɗe a 1957, da UNTL ke aiki ba dare ba rana. Takan nuna mini guda ta ce wannan na ankon bikin wance ne, wannan kuma na zanen da aka goya ni da shi ne. Wata biyu ta yi tana wannan aiki, bayan sallamar masu ɗinki.

Ranar gasa, tun kafin a fara awo matsala ta farko ta kunno kai. Ashe "bargon jariri" ba abu ɗaya yake nufi ga kowa ba. Wata ta kawo shawul da ta saƙa da ulu da kwarashi. Wata ta kawo zanen goyo na saƙi. Wata tsohuwa ma majanyi ta kawo, dogo siriri, ta ce ai shi ne ke riƙe yaro a baya, kuma ɗumin bayan uwa ya fi kowane bargo. Babu wadda za a ce ta yi kuskure, domin ni ban fayyace komai ba.

Matsala ta biyu ita ce ta kusa ɓata taron. Babbar alƙaliyar gasa mace ce gajera. Ta naɗe hannun rigarta ta shiga auna barguna da kamunta, kamar yadda takarda ta ce. Da aka zo kan na Gwaggo, sai ya wuce kamu uku da kusan taƙi guda. Gwaggo kuwa doguwa ce sambal. Ta miƙe ta auna a gaban kowa da nata hannun, ya tsaya cif a kamu uku. Daga baya, da na sa awon tela, na tarar kamun alƙaliya inci 16 ne, na Gwaggo kuwa inci 19. Ka ga ke nan kamu uku na waccan inci 48 ne, na wannan inci 57. Bambancin inci 9 ya fito ne daga halittar Allah, ba daga ha'inci ba.

Ba Gwaggo kaɗai abin ya shafa ba, an fitar da barguna huɗu. Nan take sai aka fara gunaguni, na ji wata a bayana tana cewa an yi son kai, a duba a ga 'yan wane ɓangare aka fitar. Gabana ya faɗi. Duk ɗan Kafanchan ya san abin da garin ya gani a 1987 da 2011, ya kuma san yadda ƙaramar magana kan zama babba. Irin wannan taro yana cikin wurare ƙalilan da matan unguwanni daban-daban ke zama kan benci ɗaya suna raha. Ga shi jimla ɗaya da na rubuta tana neman raba su.

Wata dattijuwa ce ta ceci taron. Ta aiki yaro ya samo karan dawa, ta ce wa shugaba, "Yaya, hannu dai kowa da nasa, amma kara ba shi da dangi." Aka yanke shawara a bar hukuncin bana yadda yake, tunda an riga an yi, amma daga baɗi da kara za a yi awo. Aka yi dariya, hankali ya kwanta. Sai dai bargon Gwaggo, wanda kowa ya shaida ya fi kyau, bai samu komai ba.

Da daddare na je ɗakinta na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, laifina ne. Da an rage layi ɗaya na ƙyallayen, da ya shiga." Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar boko, ni jikana na auna, ba hannun alƙaliya ba. Yaro girma yake yi. Wanda zan yi wata biyu ina ɗinkawa, so nake ya rufa da shi har a yaye shi." Ban sami abin cewa ba.

Maganarta ta sa na yi bincike bayan na koma makaranta. A Amurka, inda gasar irin waɗannan barguna ta zama ruwan dare a bukukuwan baje-kolin gundumomi, akan raba su aji-aji gwargwadon girma. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne gadon jariri yana da tsayayyen awo, katifarsa kimanin inci 28 ce a faɗi, 52 a tsawo, don haka bargo yakan bi gado. Mu kuwa jaririnmu a bayan uwa yake wuni, kusa da ita yake kwana, don haka awonmu jikin uwa yake bi. Shi ya sa ake fitar da zane yadi biyu daga turmin atamfa mai yadi shida, don ya zagaye uwa da ɗa. Na kuma gane cewa rikicinmu ba sabo ba ne a duniya. Irinsa ne ya sa Faransa ta ƙirƙiro mita a shekarun 1790, kuma sai a 1959 ne ƙasashen da ke amfani da yadi suka amince cewa tsawonsa santimita 91.44 ne daidai. Ko a kasuwanninmu, ai kun san mudun wani gari ba na wani ba ne.

Da shekara ta zagayo, ni da kaina na roƙi a bar ni in gyara ɓarnata. Wannan karon ban zauna ni kaɗai ba, na zagaya wurin teloli da masu saƙa na ji ta bakinsu. Muka raba gasa gida uku: bargon shimfiɗa, da zanen goyo, da majanyi, kowanne da awonsa. Na bar kalmar kamu, amma na bayyana cewa a wannan gasa kamu ɗaya inci 18 ne, wato rabin yadi. Aka yanka kara mai wannan tsawo aka ba kowace ƙungiyar mata. Muka ɗaga iyakar bargon shimfiɗa zuwa inci 60 saboda hujjar Gwaggo, muka kuma yi rangwamen inci biyu, domin auduga takan tsuke bayan wanki. Ba a sake jin gunaguni ba.

'Yan'uwa ɗalibai, darasin da na ɗauka shi ne kishin harshe ba ya nufin korar kowace kalmar aro. Yadi da inci sun daɗe da zama 'yan gida a bakin telolinmu, ni ce kawai na mai da su baƙi. Haka nan kalmar gado kamar kamu ba ta da laifi, ta yi wa kakanninmu aiki a ciniki na ido da ido, inda mai saye ke ganin hannun mai sayarwa. Amma harshen ƙa'ida daban yake da na hira. Gobe wasunmu za su fassara dokoki, wasu takardun asibiti, wasu sanarwar zaɓe. Kafin ka saki jimla, tambayi kanka: idan mutum biyu masu gaskiya suka karanta ta, za su fahimci abu ɗaya?

Gwaggo dai ba ta sake shiga gasa ba, ta ce idonta ya yi rauni. Bargon kuwa yana nan. Jikan da aka ɗinka dominsa ya rufa da shi har aka yaye shi, yanzu ƙanwarsa ce ke ciki. Allah ya ba mu ikon auna maganarmu kafin mu sake ta, amin.