Hancin da Ya Toshe, Zuciyar da Ta Yi Nauyi



Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara ta zube mana a Tamale. Ga hayaƙin ƙonar daji, ga ƙurar da babura da yalo-yalo ke tayarwa a hanyar Kumbungu. Ga wasu, abin bai wuce kaushi da fasau ba. Ni kuwa atishawa ce ba iyaka, ido yana ƙaiƙayi, hanci a toshe.

Kowa ya ce mura ce. To ai mura ba ta wata uku! A asibiti aka ce mini aleji ne: jiki ne ke ɗaukar ƙura kamar abokin gaba, cikin hanci ya kumbura.

Abin da mutane ba su gani shi ne na zuciya. Mai toshewar hanci ba ya barcin kirki. Da asuba in tashi a gajiye, haddar jiya ta gudu. Wasa ya fita raina, hira ma haka, in zauna shiru ina jin kuka ba dalili. Wasu suka ce lalaci ne, wasu suka ce girman kai. Wallahi maganar ta fi ciwon zafi.

Likitoci sun lura masu wannan aleji sun fi sauran mutane faɗawa ciwon damuwa. Rashin barci yana cikin dalilai. Wasu magungunan ma, irin su Piriton, suna ƙara kasala. Akwai waɗanda ba su cika sa barci ba, sai a tambayi likita.

Yanzu ina sa takunkumi a hanya, ina yayyafa ruwa kafin shara. In ina alwala, ina shaƙa ruwa in fyace sosai. Ranar da na faɗa wa Malam halin da nake ciki, cewa ya yi: "Yarona, ciwo ba ragwanci ba ne." Ya mayar mini da hadda bayan la'asar.

Don haka, in abokinka ya yi shiru a hunturun bana, kar ka yi masa dariya. Tambaye shi ko yana samun barci. Iyaye kuma, in baƙin cikin yaro ya wuce mako 2, a kai shi asibiti. Addu'a da magani ba sa faɗa.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.