Abin da kalangu ba ya gaya wa ɗan dambe

Ƙanena ɗan dambe ne, bahago, kuma ni ke ɗaure masa hannu. Da kaka ta yi sai mu shiga yawon fili tsakanin Gummi, Bukkuyum da Anka. Ciwonsa ɗaya ne: ya mamaye turmin farko, a na biyu a kai shi ƙasa. Kowa da fassararsa. Wani ya ce jifa aka yi masa, wani ya ce laya ce ta karye. Makaɗa kuwa ba ruwansu, su dai zuga.

Wani malamin makaranta da ya zauna Kaduna ne ya ce mini 'yan wasan golf kan ɗauki bidiyon bugunsu, su zuba a kwamfuta, su bi shi sannu a hankali. Mu ina muka ga filin golf? Amma waya akwai. Na fara ɗaukar damben yaron ina kai wa mai tura fina-finai a kasuwa.

Wanda aka tura ta WhatsApp ba ya amfani, don matse shi ake yi, hannu ya dushe. Sai dai kebul ko memori, kuma da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021 da ma WhatsApp ɗin ba ya aiki. Waya kan ɗauki hoto 30 a daƙiƙa guda. A manhajar kallon bidiyo ta VLC a kwamfutar mai tura fina-finan, duk danna harafin E hoto ɗaya ke wucewa. A nan muka gani: kafin ya saki hannun zare, sai ya sauke hannun kariya zuwa ƙugu. Abokin karawa mai wayo ya karance shi a turmin farko, a na biyu jira kawai yake yi.

Da na nuna masa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaya, mayar baya." Gyaran ya fi ganowar wuya nesa ba kusa ba, don jiki ba ya saurin barin abin da ya saba. Layar kuma har yau tana damtsensa, ban ce masa komai a kanta ba.

Kai mai ɗaure wa yaro hannu, ka tsaya daga gefe, rana a bayanka, ka riƙe wayar kada ta girgiza. In za ka nuna masa, ku keɓe ku biyu. Ɗan dambe ba ya karɓar gyara a gaban yaransa.