Mai Gadin Manhaja Da Sunayen 'Ya'yanmu

Mu malaman makaranta a zango akwai wani ciwo da ke damunmu, wanda ba a cika zancensa ba. Sai ka shigar da sunan yaro Ɗanlami ko Ƙasimu cikin kwamfuta, takardar sakamako ta fito da alamar tambaya a gurbin harafin farko. Iyaye su zo da ƙorafi, kuma da gaskiyarsu. Maƙwabtanmu masu Twi su ma suna shan irin wannan da ɛ da ɔ.

Tushen abin ya daɗe. Tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 kawai gare shi, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa. Amma manhajoji ba su bi sahu rana ɗaya ba. Tsohon harshen Python 2 yakan tsaya cik idan ya ci karo da harafi mai lanƙwasa ba a shirya masa ba. Python 3 na 2008 ya sauƙaƙa wannan, sai dai ba a daina kula da tsohon ba sai a farkon 2020.

To, masu rubuta manhaja suna da dabara. Duk sa'ad da ɗayansu ya gyara ko da layi guda, kafin a haɗa aikinsa da na sauran, na'ura takan gwada manhajar da kanta. Da Jenkins ko GitHub Actions ana iya cewa a gwada ta a Windows da Linux, a tsohon Python da sabo, duk a tashi ɗaya. In ta faɗi ko a wuri guda, sai jar alama ta fito, a tsai da gyaran. Mu da ke kwana kan makin takardu, wallahi mun yi sha'awar wannan mai gadi.

Amma fa abin da aka ce ya duba shi kaɗai yake dubawa. Idan duk sunayen gwaji John ne da Mary, zai ba da koriyar alama alhali Ɗanlami ya lalace.

Saboda haka muna roƙon samarinmu masu wannan sana'a a Ankara da Kumasi: ku sa sunaye masu ƙ, ɗ, ɓ cikin gwajinku. A adana sunan, a sake kiransa, a buga shi, a jera shi bisa haruffa, a ga ko ya dawo yadda ya shiga. Layuka kaɗan ne, kuma da an rubuta su, na'ura za ta riƙa maimaitawa a kowane gyara.