Fenti da Littafin Bashi

Daga Birnin Malam nake zanen allunan shaguna da bayan manyan motoci, kuma lissafina yana bin albasa ne. In manoman Aliero suka kwashe amfani suka sayar, sai aiki ya taso: mai shago yana son sabon suna a ƙofa, direba yana son zaki da dabino a jikin motarsa. Da damina kuwa, burushi kan bushe a gwangwani.

Zanen bai taɓa gajiyar da ni ba. Faɗin farashi ne mai nauyi. Mutum ya ce, “Malam, ai ɗan rubutu ne kawai,” alhali fentin daga Jega na sayo shi, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya hau. Ga masu buga bana da kwamfuta, suna gamawa kafin azahar. Nasu kan koɗe da wuri a ranarmu, amma mai saye araha yake dubawa, ban kuma ga laifinsa ba.

Yanzu rabin kuɗi nake karɓa kafin in buɗe gwangwani. Kawu da surukai dai har yau suna cikin littafin bashi.