Tsohon da Ya Tsani "Bon"

A Madarunfa, kusa da bakin tafki, akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda duk unguwa ta san kalmomin da ba ya ƙaunar ji. Na gaba a cikinsu ita ce "bon", sai "donc", sai "voilà". Ba ƙin Faransanci yake yi ba, domin da shi ya ci abinci shekara da shekaru. Abin da ke ƙona masa rai shi ne a barbaɗa su cikin Hausa ba gaira ba dalili.

Jikansa, ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ya dawo hutu da "bon" a bakin kowace jimla. Da fari abin wasan kaka da jika ne. Amma ranar wata ta'aziyya, a gaban dattawa, yaron ya durƙusa ya ce, "Bon, Allah ya jiƙan rai." Tsohon ya kunyata shi nan take, ya ce gaisuwar mutuwa ba lissafin aji ba ce. Daga ranar yaron ya kama bakinsa. In sun haɗu, daga "ina kwana" sai shiru. Tsohon ya rabu da kalmar da ya tsana, ya kuma rasa abokin hira.

Ana nan sai aikin makaranta ya tilasta wa yaron naɗar maganar wani dattijo a waya. Ya roƙi kakansa ya ba shi labarin waliyyai 99 da kaburburansu ke kewaye da tafkin. Da ya zauna rubuta abin da ya naɗa, sai ya tarar da "ka ji ko?" a ƙarshen kusan kowace gaɓa. Ya kuma tsinci "lakkwal" da "mushe", ƴan aro daga Faransanci, zaune daram tare da "alƙalami" na Larabci da "kasuwa" ta Barebari. Ya kunna masa, ya ce, "Kaka, ashe kai ma kana da taka sandar dogarawa."

Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya. Ya amsa cewa aro ba laifi ba ne, kuma harshen da ke tsakanin Maraɗi da Jibiya dole ya ɗebo daga nan ya ɗebo daga can. Sannan ya ce, "Amma abokina, dubi aikin kowace. In na ce 'ka ji ko?', wurinka na juyo, ina jiran ka amsa. In ka ce 'bon', naɗe tabarma kake yi. A bakin kwamanda muka fara jin ta, lokacin da ya gama da mutum."

Sai a ranar yaron ya gane cewa kakansa da zamanin kalmar yake faɗa, shi kuwa bai taɓa jin ta ba sai a bakin abokai. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, amma doka ba ta iya faɗa wa kunne abin da zai tuna.

Har yanzu "bon" takan kuɓuce wa yaron. Tsohon yakan yi tsaki, ya ce, "Ci gaba, ina jin ka."