Satifiket ɗin Wanke Hannu

Kafin a bar ni in taɓa ko da albasa a kicin ɗin gidan abincin da na samu aikin wucin gadi a kudancin Landan, sai da manajan ya zaunar da ni gaban kwamfuta wajen awa 3. Darasi ne na tsaftar abinci, mataki na biyu suke ce masa. In ka gama a yi maka tambayoyin canki-canka, in ka ci a turo maka takarda ta imel. Na ci. Da daddare na kira Goggo a Kiyawa, wadda ta haura shekara 30 tana suyar waina ranar kasuwar Shuwarin, na ce mata yau na samu satifiket. Ta rangaɗa guɗa, ta ɗauka karatun da ya kawo ni ne ya ƙare. Da na ce ai na wanke hannu ne da ajiyar abinci, sai ta yi shiru. Can ta ce, "Ɗan nan, wanke hannun ma sai da ka ƙetare teku aka koya maka? Alwalar da kake yi sau biyar fa, ta mene ce?"

Na yi dariya, don a ranar ni ma kallon da nake yi wa abin ke nan. Sai da na yi 'yan watanni a bakin tukunyarsu na ga cewa darasin bai tsaya kan sabulu ba. Lissafi ne na zafi da lokaci. Abinci mai sanyi doka ta ce kada ya haura digiri 8, su kuma a aikace 5 suke nema a firji. Mai zafi in za a ajiye shi a riƙa zuba wa mutane, kada ya sauko ƙasa da 63. Tsakanin waɗannan biyun ne ƙwayoyin cuta ke samun yadda suke so. Kaza ba a cewa ta nuna don fatarta ta yi ja. Akwai wani tsinken ƙarfe mai nuna lamba, a soka shi cikin cinya, sai ya kai 75 a sauke. Katakon yanka ma kowanne da launinsa, ja na ɗanyen nama, shuɗi na kifi, kore na ganyen da za a ci ɗanye. In ka yanke a yatsa filasta shuɗiya za a ba ka, saboda in ta faɗa cikin miya a gan ta. Kullum safe da yamma a duba firji a rubuta a littafi, a sa hannu.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ashe dokar Ingila ba ta ce lallai sai ka mallaki wannan takarda ba. Cewa ta yi mai gidan abinci ya tabbatar duk wanda ke taɓa abinci an koya masa, ana kuma sa masa ido, gwargwadon aikin da yake yi. Takardar hanya ce kawai mafi sauƙi ta nuna wa duba-garinsu an yi hakan. Shi kuwa duba-garin ƙaramar hukuma ba ya aiko da saƙo. Wadda ta zo mana, da rana tsaka ta shigo, ta fara da wurin wanke hannu, ta buɗe firji ta ga ko ɗanyen nama na ƙasa dafaffe na sama, ta leƙa bayan injin wanke kwanuka da tocila. Ba ta nemi satifiket ɗina ba sai can ƙarshe. Tambayata ta yi: in ka kwana kana gudawa, yaushe za ka dawo aiki? Na ce bayan awa 48 da tsayawarta. Ta gyaɗa kai ta wuce. Bayan haka aka ba gidan maki, daga 0 zuwa 5 ake bayarwa, tsarin da hukumar kula da abinci ta ƙasar ta fara a 2010. A yankin Wales tun 2013 dole ka manna makinka a ƙofa, ko da sifili ne. A Ingila ba dole ba ne, shi ya sa in ka ga ƙofa ba komai a kanta, sai ka sha jinin jikinka.

Ba don sun fi kowa son tsafta suka kai nan ba, wuya ce ta koya musu. A 1996, a wani gari da ake kira Wishaw a Sukotland, dafaffen nama daga shagon wani mahauci da ake yabo ya haddasa cutar E. coli, kusan mutum 20 suka mutu, galibinsu tsofaffi, wasunsu a walimar coci suka ci. Bincike ya nuna ɗanyen nama da dafaffe na haɗuwa a kayan aiki ɗaya. Da malamin cikin kwamfuta ya zo kan wannan, ba Sukotland na gani ba. Tukubar mai tsire na gani a tasha, da wuƙar nan guda da ke yanka ɗanye ta juya ta yanka gasasshe, da tsumman da ake goge ta da shi tun azahar.

A gida ma akwai takarda, ga wanda ya san da ita, sai dai wani abu daban take shaida. A manyan otal-otal da gidajen burodi na birane ana tura ma'aikata asibiti, yawanci duk wata 6, a auna jini da bayan gida da majina, likita ya rubuta cewa wane lafiyarsa lau, zai iya sayar da abinci. Wato mu jikin mutum muke dubawa, su kuma abin da ke kansa da abin da hannunsa ya saba. Gwajin yana da ranarsa, don akwai mai ɗauke da taifot yana yawo garau yana rabawa. Amma sakamakon Litinin ba ya hana ka kwana da zawo ranar Alhamis. Wasu wuraren har da ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B suke haɗawa, alhali ba ta abinci ake ɗaukarsu ba. Kuɗin gwajin dai ya ƙaru. A nan Landan babu wanda ya taɓa jan jinina don zan soya dankali.

Ita Goggo ba ta da ko ɗaya daga cikin takardun nan, haka ma mai shayin bakin titi da mai awara da masu fura. A rubuce, tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da gidajen abinci, gidajen burodi, mayanka da kasuwanni, hukumar NAFDAC kuwa da aka kafa a 1993 ta fi ƙarfi a kan abin da aka ƙulle a leda ko gwangwani. Ma'aikatan ma ba baƙi ba ne a wurinmu. Tun 1932 ake horar da duba-gari a makarantar tsafta ta Kano, ga kuma ta Jahun a Jigawa. Kakata kan ba mu labarin yadda jin an ce ga duba-gari nan ke sa mata su bazama wanke randa, don in ya leƙa ya ga tsutsa sai tara. Wannan kwarjinin ya ja baya ƙwarai.

To me ya hana mutane zubewa kullum? Na daɗe ina juya wannan tambayar, kuma ina ganin Goggo ta fi ni gaskiya fiye da yadda na so in yarda. Abu biyu ne ke tsare mu: wuta da sanayya. Waina daga tanda take zuwa hannunka, tana ƙona yatsa. Ƙosai daga tafasasshen mai. Naman da aka yanka da safe, kafin dare ya ƙare ko ya hau wuta, abin da ya saura a shanya shi kilishi. Abincinmu na asali ba ya zama a wancan tsakanin sanyi da zafi da Turawa ke tsoro, saboda ba mu da inda za mu ajiye shi. Sannan kowa ya san kowa. Mahauci a ƙarƙashin Sarkin Fawa yake, gidansu sananne ne tun kaka da kakanni, in ya kuskura ya shigo da mushe ba tara ce za ta kashe shi ba, bakin mutane ne. Mai nonon da aka ce ƙwaryarta ba ta da tsafta, kasuwa biyu ta isa ta koma da kayanta. Makin Goggo ba a ƙofa yake ba, yana bakin direbobin da ke tsayawa wurinta su bar na kusa da mota. A Landan mutum miliyan 9 ba su san juna ba, dole kwali ya yi aikin da ido ke yi a Shuwarin.

Inda nake jin tsoro shi ne abincin ya canza, tsaron bai bi shi ba. Ɗauki shinkafar biki. A dafa ta tun asuba, a zuba a robobi ɗari biyu ko uku, a jibge a ɗaki cikin zafin Afrilu, ba za a raba ba sai bayan la'asar. Akwai ƙwayar cuta a shinkafa da dafuwa ba ta kashe irinta, in ta huce a hankali sai ta farka ta saki dafi, dafin kuma ɗumame ba ya karya shi. Washegari rabin unguwa na zarya bayan gida, a ce ai ruwa ne, ko an yi baki. Ga firjin da wuta ke zuwa masa awa 4 ta ɗauke, nama ya daskare ya saki ya sake daskarewa, mai shi hankalinsa kwance don ai "yana firji". Ga wake da ake zuba wa fiya-fiya don kada ya yi ƙwari, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wakenmu a 2015. Mu kuwa mun ci gaba da ƙosai da alala da shi. A Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibitocin Kano, wasu na fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da garin ɗan tsami da ba na sha ba ne. Waɗanda suka haɗa lemon nan ba ƙazamai ba ne, wataƙila sun fi ni wanke hannu. Sanayya ba ta ganin abin da ke cikin buhu mai rubutun Turanci. Gwajin jini ma ba ya gani. Abin da zai gani shi ne a ce an taɓa zaunar da mutum, ko da na rabin yini ne, da Hausa, a zauren Sarkin Fawa ko a makarantar Islamiyyar mata, an nuna masa inda ake duba ranar lalacewa da dalilin da ya sa jarkar magani ba ta zama jarkar man gyaɗa ko an wanke ta sau goma.

Akwai wani sashe na darasin da har yau nake jin sa baƙo. Abubuwa 14 ne doka ta ce dole ka iya faɗa wa mai saye ko suna cikin abincin, saboda masu borin jini, ciki har da gyaɗa da riɗi. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15 ta ci burodi mai riɗi da ba a rubuta ba, ta rasu bayan ya taso mata a cikin jirgin sama, har aka yi sabuwar doka saboda ita, ta fara aiki a 2021. Riɗi dai, wanda muke loda wa tireloli a Maigatari. Masu tsiren unguwar Peckham a Landan sai sun sanar cewa akwai ƙuli-ƙuli a yajinsu.

Kwanaki Goggo ta yi fama da ciki, na ji a muryarta. Na ce, "Goggo, don Allah gobe kada ki fita, ki bari sai kin kwana biyu da warkewa, haka ƙa'idar take." Ta ce, "Ƙa'idar wa? Ƙullun da na jiƙa fa, in zubar? Wa zai ba ni kuɗin cefane?" Ban gaya mata ba cewa a kicin ɗinmu ma na ga wanda ya zo aiki yana dafe ciki ya yi gum, don ranar da bai zo ba babu ko sisi. Na dai tura mata kuɗin kwana biyu ta hannun ƙanena. Da yamma ya kira ni ya ce ta karɓa, ta sa albarka, ta ce a gaya mini ta ji sauƙi tun safe, kuɗin kuma ta ƙara ta sayi shinkafar tuwo kwano huɗu, don kasuwa mai zuwa ana sa ran mutane.